Wankan da Na Yi wa Babba

Ku matso kusa, mata, ku aje abin da ke hannunku ku ba ni kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, ba kuma a dariya a ƙarshenta. Labarin jinyar ɗiyata ne. Ina faɗi ana rubutawa, don wadda Allah zai ɗora wa jinya irin wannan ta ji tun ba ta kai inda na kai ba.

Ni Tumba, mutuniyar Gidan Katta ce, aure ya kawo ni Illela tun babura ba su cika gari haka ba. Sana'ata wankan jego. Unguwarmu kaf, in an haihu ni ake aikowa. In dafa ruwa a babbar tukunya, in ɗaure ganyen dogon yaro, in tsoma in watsa. Ma'aunina ɗaya ne, bakin mai jego. In ta yi ƙara, in sirka da ruwan sanyi. In ta yi shiru, ruwa ya yi daidai, in ci gaba. Haka na koya wurin innata, haka na yi har kaina ya yi fari.

Ɗiyata ta fari ba ni faɗin sunanta, kun san al'ada. Babba nike ce mata in ta kama dole. Ana yaye ta innata ta ɗauke ta zuwa ƙauye, can ta girma, daga can anka kawo ta gidan mijinta Mamman, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar mutane tsakanin Illela da Ƙonni. Ita kuma Yaya take ce mani, don haka ta tashi ta ji ƙannena suna faɗi. Ban taɓa yi mata kitso ba. Duk haihuwar da ta yi, ba ni na yi mata wanka ba. Ina wanke ɗiyan mutane, tawa wasu ke wankewa. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma ana yabona a kanta, ana cewa Tumba akwai kara.

Ana nan, ana nan, sai ƙanwarta Rabi ta shigo ɗakina wata rana ta zauna bakin gado.

"Inna, Yaya Babba ba ta da lafiya. Wani ƙullutu ne a mamanta na hagu, ya fi wata nawa tana ɓoyo."

Na ce, "Allah Ya sawwaƙe." Abin da na ce ke nan. Bakina abin da ya iya ke nan.

Dangi kowa ya kawo nashi. Wannan ya ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi zai fashe ya bi jiki. Wancan ya kawo saiwa daga wani mai magani a bayan Ƙonni, a shafa a sha. Anka shafa, anka sha, abu na ƙara tauri kamar ɗanyen goriba. Mamman ne ya gaji. Ya zo ya durƙusa bakin ƙofata, kanshi ƙasa, ya ce, "Inna, zan kai ta Sakkwato." Na ce ta bakin labule, "Matarka ce, Allah Ya ba da sa'a." Na gode wa yaron nan har gobe.

A asibiti sunka yanki ɗan nama sunka duba, sunka ce kansa ce. Aikin kuma hawa uku ne: da fari ruwan magani da ake sa wa ta jijiya, sunanshi kemo, sannan a yanke maman, sannan a sa ta wani inji mai ƙona saiwar ciwon da haske.

Kemo, ku ji, ba ƙarin ruwa ba ne irin wanda kunka sani. Ja ne kamar zoɓo. Ranar da anka sa mata tana dawowa da ƙafarta, har ta yi wasa da yara. Washegari sai amai. Ƙamshin daddawa daga gidan maƙwabta ya ishe ta tashi da gudu. Bakinta ya yi gyambo, ta ce ko ruwa ta sha ɗanɗanon ƙarfe take ji. Farcenta ya yi baƙi. Sumarta ta bi mataji ta zube har ba sauran abin kitsewa. Sai ta fara jin dama-dama, ta fara shan fura, sai lokacin komawa ya yi. Wani zuwan a auna jini a ce ya yi ƙasa, ku koma gida ta ci abinci, kuɗin mota ya tafi a banza. Tumakina sunka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Gadon ƙarfen Rabi ya bi su.

Duk wannan Rabi ce ke riƙe da ita. Ni ina bin su, ban taɓa fashi ba. Amma iyakata gindin wata bishiya a harabar asibiti, ina gadin tabarma da kwanonin abinci. Su shiga wurin likita, su fito, Rabi ta gutsura mani abin da ta ga dama. Ina tsohuwa in tsaya a buɗe ƙirjin 'yar farina gabana, gaban namiji? Ƙafata ba ta iya ba.

A gindin bishiyar nan na san wata mata 'yar Ƙonni, ita ma ciwon gare ta, ita ma kanta fes. Ta Ƙonni muke ce mata. Baki gare ta kamar rediyo.

"Ke tsohuwa, wai gadin itaccen ga anka ɗauke ki? Sefa nawa suka biyan ki ga wata?"

"Bar ni, ɗiyar fari ta."

"Ɗiyar fari! Ciwon ya tambaya ko ta fari ta kahin ya kama ta? Tashi ki shiga ki ji mi lokotoro ka cewa."

Na yi dariya na ba ta goro. Ban tashi ba.

Anka gama kemo, anka yi aiki, anka cire maman har cikin hammata. Ta warke, hannun dai bai ɗaguwa sosai. Saura inji. Layin inji kuwa ba a magana. Mutane daga Kabi, daga Zamfara, daga ƙetaren iyaka, kowa da takardarshi yana jira a kira shi. Munka jira har rani ya wuce. Da anka kira mu, Mamman ya saida baburinshi, abin da yake ci da shi. Munka sauka gidan wani ɗan ƙanen mijina mai koyarwa a Islamiyya, ya ba mu ɗaki ɗaya a zaure na biyu, Allah Ya saka mashi.

Abu ɗaya Rabi ta maimaita mani har na riƙe. Likita ya ce inji kullum ne, ban da Asabar da Lahadi, kuma in an fara ba a yankewa. In an yanke, saiwar da ta fara mutuwa tana iya farfaɗowa. Wannan na ji shi da kyau. Da asuba nike tada su, mu ne farkon layi.

An yi kusan rabin kwanakin inji sai anka aiko cewa yaron Rabi ya faɗa ƙyanda, jiki ya yi tsanani. Ta haɗa kaya nan take. Tana ɗaura gyale tana cewa, "Inna, ga magunguna nan, fari da safe, ja da dare. Ki dama mata kunu, kar ki sa yaji. Sauran ita ta sani." Ta fita da gudu don kar mota ta cika.

Ya rage ni da Babba a ɗaki ɗaya. Tunda anka yaye ta ba mu taɓa kwana mu biyu kaɗai ɗaki ɗaya ba. Ina kwance nan, tana kwance can, maganarmu ba ta wuce "an kira salla" da "ga kunu nan".

Ranar Asabar da hantsi tana canza zane sai idona ya faɗa kan jikinta. Wurin aikin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, fata ta bushe tana furfura. Ga wasu layuka na tawada an ja mata a ƙirji da gefen haƙarƙari, sun dafe da gumi. Kafaɗa ta sandare, tana son kai hannu baya ta kasa. Na ce a raina, wannan jiki sanyi ya kama shi, datti ya kama shi, Rabi yarinya ce ba ta san gyaran jiki ba. Na ce ga abu ɗaya da na iya a duniya, matan gari sun ci moriyarshi, tawa ba ta taɓa ci ba.

Na ari tukunya wurin matar gidan. Na sa anka karyo mani dogon yaro a bakin titi. Ruwa ya tafasa har yana tsalle. Na kai bayan ɗaki, na aje kujera 'yar tsugune, na tsaya bakin ƙofa ina kallon bango na ce, "A taso a yi wanka."

Ta dube ni. Ta ce, "Yaya..."

Na ce, "A taso, ruwa na hucewa."

Ta taso.

Na tsoma ganye na watsa a bayanta, ta ɗan motsa, na sirka kaɗan. Na zagayo gaba, wurin da ya yi baƙi. Na watsa. Shiru. Na ƙara. Shiru. Na ce to, ruwa ya yi daidai, wurin nan shi ke son wuta. Na tsoma tsumma na danna, na danna, na bi layin ɗinkin nan har hammata. Na sa soso da sabulun salo na dirje tawadar nan tas. Na shafe ta da man kaɗe. Ina yi ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi. Ita kuma idonta rufe, hawaye na zuba, na ɗauka tururi ne.

Abin da ban sani ba, tunda anka yi aikin wurin ya mutu, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Ko wuta ka ɗora ba za ta yi ƙara ba. Abin da ban sani ba, fatar da inji ke bi ta riga ta zama kamar ta jariri, ko rana ba a so ta gani. An faɗa masu tun ranar farko: ban da ruwan zafi, ban da soso, ban da shafa kowane mai sai wanda anka ba su, tawadar nan kuma ita ce ke nuna wa inji hanya. An faɗa, a cikin ɗaki, lokacin ina gindin bishiya ina gadin kwano.

Kafin la'asar wurin ya tashi ƙuraje masu ruwa manya-manya. Ranar Lahadi sunka fashe, zane ya manne da nama.

Litinin munka tafi. Ta shiga, na shimfiɗa tabarmata. Ban gama zama ba sai ga ma'aikaciyar ɗakin inji, wata doguwa mai tabarau, ta fito tana kiran sunan Babba tana cewa ina mai jinyarta. Ta Ƙonni ta zungure ni. "Ke aka kira. Yau dai itaccen ga zai kwana ba mai gadi."

Ranar na fara shiga. Ɗaki mai sanyi, Babba zaune bakin gado, likita tsaye kanta.

Ya ce, "Mama, mi ya samu wurin nan?"

Kafin in buɗe baki Babba ta ce, "Ni na yi wanka da ruwan zafi, likita. Mantuwa na yi."

Ma'aikaciyar ta ce, "Da wane hannun? Wanda ba ya kai wa kunne? Har bayan hammata kika dirje da shi?"

Na ce, "Ni ce. Ni na yi mata."

Matar nan ta yi mani faɗa kamar ta samu 'yar cikinta. "Haba Inna! Wata nawa kuna zuwa nan? Kullum ina ganin ki waje kamar baƙuwa. Da kin shigo sau ɗaya, sau ɗaya tak, da kin ji da kunnenki." A lokacin na ji zafinta. Yanzu na san ba ta faɗi ko rabin abin da ya kamata ba. Kuma ita ce ta durƙusa da kanta ta jiƙa zanen ta ɓamɓare shi a hankali, tana cewa sannu, sannu 'yar'uwa.

Likita ya ce ba a sa inji kan ɗanyen ƙuna. Sai ta warke.

Ba ta warke da wuri ba. Jikin da ya sha kemo ba ya haɗa ciwo kamar na kowa. Wurin ya yi ruwa, ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ta, anka ba mu gado. Mako ya bi mako. Kullum da safe ina jin ana kiran sunayen masu shiga inji ta taga, ana tsallake nata.

A gadon nan ne wata rana da azahar, ina yi mata fifita, na kasa riƙewa. Ban dube ta ba na ce, "An san an hana. Don mi ba a faɗa mani ba?"

Ta ce, "Na so in faɗa, Yaya."

"To mi ya hana?"

"Tunda na yi wayo ban taɓa jin hannunki a jikina ba. Na ce in na yi magana za ki aje ganyen ki fita, shi ke nan kuma. Na ce bari in bari, sau ɗaya dai ba ya komi."

Na aje mafici na fita. Na je bayan ɗakin marasa lafiya inda ake shanya, na yi kukan da ban yi ba ranar da innata ta rasu.

Da ƙunar ta kame, gurbinta ya riga ya tafi ga wani. Ba laifinsu ba ne, inji ɗaya ne, mutane ba iyaka, kowa da ranshi a hannu. Sai an sake awo, an sake zane, an sake layi. Munka koma Illela jira. Can kuma na ishe magana ta cika unguwa, wai inji ya ƙone ɗiyar Tumba, dama an faɗa masu daji ba ya son ƙarfe. Babba na ji, ba ta gyara ba, don ta rufa mani asiri. Har wata maƙwabciyarmu mai irin ƙullutun ta ce ita ba ta zuwa a gasa ta da rai. Ranar wani suna, mata cike da tsakar gida, na miƙe na ce, "Ba inji ba ne. Ni ce da tukunyata." Na faɗa masu yadda anka yi tun daga farko. Wata tsohuwa ta ce, "Ai da niyyar alheri kika yi." Na ce fatar ba ta san niyya ba.

Sai da damina ta yi nisa anka sake kiran mu. Wannan karon duk inda ta shiga ina bayanta. In likita ya yi magana in ce, "Ɗana, maimaita, kaina ya tsufa." Ya maimaita, bai taɓa ƙosawa ba. Na koyi wanke wurin da ruwa mai ɗumin hawaye, da tafin hannu, a dangwala da tsumma mai laushi ba a gogawa. Ta gama inji ba fashi ko na yini.

Ta samu shekara guda mai kyau. Suma ta fito, baƙa mai laushi. Ta koma suyar awara a ƙofar gida. Takan aiko mani da ta farkon kasko.

Sannan baya ya fara ciwo. Munka ce sanyi ne. Ya sauka ƙugu, ya hana ta ruku'u. Anka ɗauki hoto, likita ya ce abin ya shiga ƙashi. Ya ce yanzu aikinsu su rage mata zafi.

Na bari Mamman ya fita da ita, na tsaya. Na ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah. Yankewar nan da anka yi saboda ni, ita ce ta ba shi hanya?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Mama, ba a son yankewa, gaskiya ne. Amma kuma kun zo ciwon ya riga ya yi nisa, yana yiwuwa ya tafi ƙashi tun kafin mu gan ta. Ba zan ce maki wankan ne ba. Ba zan ce maki ba shi ba ne. Ban sani ba."

Na so ya ce ni ce, in san abin da nike ɗauke da shi. Na so ya ce ba ni ba ce, in samu barci. Bai ba ni ko ɗaya ba, kuma na gode mashi da bai yi mani ƙarya ba.

To, ku da za ku yi jinya, ku shiga ɗakin. Ko ɗiyar fari ce, ko suruka ce, ko wadda ba ku haɗa ido da ita. Ku shiga ku ji da kunnenku, ku tambaya har a gaji da ku. Abin da kunka iya a gida, ku aje shi bakin ƙofa sai kun tambaya.

Ga yadda kowa ya ƙare. Babba ta rasu bayan ƙaramar salla, da hantsi, a ɗakinta, kanta bisa cinyata. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Mamman bai sake mallakar babur ba, na wani yake ja suna rabawa, kuma duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa bakin ƙofata ya gaishe ni. Yaron Rabi ya tashi. Rabi kuwa har yau cewa take laifinta ne da ba ta faɗa mani ba kafin ta fita, ni in ce nawa ne, mun kasa raba shi. Maƙwabciyar nan ta je asibiti daga baya, an yi mata aiki, tana nan tana kiwon awakinta. Ta Ƙonni ta gama nata lafiya, ta zo ta'aziyya da buhun shinkafa a bayan babur, ta rungume ni, ranar ce kaɗai na gan ta ba ta da abin faɗi. Ma'aikaciyar mai tabarau an ce an maida ta wani gari, ban samu na roƙe ta gafara ba. Ni ina nan, ido ya fara rauni, ƙafa ta fara ƙi.

Hadiza, babbar ɗiyar Babba, tana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, ita ke rubuta wannan da nike faɗi. Da munka zo kan maganar likita ta aje biro ta ce, "Tsohuwa, ke a ranki mi kike gani? Da ba a yanke ba, da Innata tana nan?"

Na ce, "Abin da ya ba ni shi kaɗai gare ni, ba ni da wani."

Ta share ido da bakin hijabi, ta ɗauki biro.

"To haka zan rubuta. Ba mu sani ba."

Na ce rubuta.